Shagon da Ba Ya Ba da Rasit

A duk layin nan, shagon wanki da gugar Yaya ne kaɗai ba ya ba da rasit. Za ka kawo kayanka, a karɓa, ka juya ka tafi, ba takarda ba lamba. Baƙon da ya zo karon farko yakan tsaya yana jira a rubuta masa wani abu, sai Yaya ta ɗago daga kan dutsen guga, ta nuna ƙanenta da haɓa ta ce, “Ga rasit ɗinmu can a zaune.”

Manaja ake ce masa. Gajere ne mai kauri, wuya a cike, idanunsa ƙanana masu ɗan karkata sama, harshensa kuma kamar ya yi wa bakin yawa, shi ya sa maganarsa sai wanda ya saba da ita. Mutanen layin ne suka laƙaba masa sunan tun yana saurayi. Da tsokana suka fara, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ta kai in ka kira shi da sunansa na gaskiya ko waiwayowa ba ya yi. Shekararsa arba'in da tara, talatin daga ciki a bayan dogon teburin ninki ya yi su.

Bai iya karatu ba, in ya ƙirga ya wuce ashirin sai ya koma ɗaya. Amma miƙa masa riga ka ga aiki. Zai murza wuyanta da babban yatsa, ya kai ta hanci, ya ɗago ya dube ka, shi ke nan an gama rajista. Ko bayan wata uku ka dawo, kafin ka gama sallama ya taka kujerarsa ya sauko maka da ƙunshinka. Sunayen mutane ba su dame shi ba, da kayansu ya san su. Lauyan layin a wajensa Aljihu-a-huje ne. Wata nas mai ƙamshin maganin asibiti kuwa Allura yake ce mata, a gabanta. Kuma kafin ya ninke kowace riga sai ya bi ta ciki da waje, ya juye aljihu, ya tsince gashi, in ya ga silin zare yana reto ya sa ɗan almakashinsa ya datse. Datti ba ya wuce teburinsa. Can saman kanta akwai wani ɓangare da yake ajiye kayan da masu su suka manta shekara da shekaru, su yake kira marayu, duk mako sai ya sauko da su ya kaɗe musu ƙura.

Mahaifiyarsu, Inna, ita ta kafa shagon, ita ta ɗora shi a kan teburin. Ranar da aka haife shi an ce mata da wuya ya kai shekara goma. Dangin ubansa suka ce daga wajenta abin ya fito, wasu suka ce a riƙa barinsa a ɗaki in an yi baƙi. Inna ta goya abinta ta tafi wajen wanki. Ya kai goma, ya kai ashirin, ya binne da yawa daga cikin masu maganar. Shekara huɗu da suka wuce, tana kwance a ɗakin bayan shago numfashi na fita da ƙyar, ta riƙe hannun Yaya ta ce, “Ba na roƙonki komai sai abu ɗaya. Kada ki raba shi da teburin nan. Ran da kika raba shi da shi, kin binne shi da ransa.”

Yaya ta ce ta ji. Me za ta ce? Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu kowa ya kama gabansa a wani gari, ita da Manaja ne suka rage a ɗakunan nan biyu na bayan shago. Ba mace ce mai sanyi ba, kada wani ya ɗauka haka. Tana da faɗa, tana da baki, akwai ranakun da tana yarinya ta tsani ƙanen nan don shi kaɗai Inna take gani. Amma alkawari ta ɗauka a gaban mai mutuwa, kuma ita ma ta san abin da teburin yake. A titi, shi abin nuni ne ga yara. A bayan teburi, lauya ma sai ya jira ya gama ninki kafin ya yi masa magana.

Kuskuren farko abin dariya ne. Wandon Lauya ya shiga ƙunshin Nas. Mijin Nas ya zo da safe riƙe da wandon da yatsa biyu, ido ja, yana so a gaya masa yadda aka yi wando mai faɗin ƙugu haka ya kwana a durowar matarsa. Da ƙyar aka lallashe shi, sai da aka nuna masa hujin aljihu aka kira Lauya ya shaida abinsa. Layin ya yi mako guda yana dariya. Yaya ta juye laifin kan Dogo, dattijon da ke musu wanki da shanya tun zamanin Inna.

Dogo ya bari sai da Manaja ya shiga cin abinci, sannan ya goge kumfar hannunsa a wando ya matso.

“Yaya, kin san ba ni ba ne. Ni ko kantar nan ba na taɓawa, zai cinye ni ɗanye.”

“To aljani ne?”

“Ki dai lura da shi. Shekaranjiya tawul ya riƙe a rabin ninki, ya fi minti goma yana kallonsa kamar bai taɓa ganin tawul ba. Jiya kuma tambayata ya yi wai yaushe Inna za ta dawo daga kasuwa.”

“Gajiya ce,” in ji ta. “Kai ma da kake ganin kanka garau, sau nawa kake neman sabulu yana hannunka?”

Ta faɗi haka ne kawai, amma ita ma ta gani. Ta ga takalmi ƙafar dama a hagu. Ta ga ya tsaya a tsakar gida da buroshi a hannu, bai san ko ya goge haƙoran ba ko bai goge ba. Da labulen wani gida ya tafi wani gidan, sannan zanen gado ya bi bayansa, sai ta ce masa ya sa rigarsa mai kyau, za su je a duba masa kunne.

Sau uku suka je asibitin. An ɗebi jini, an leƙa kunne da ido, an sa shi ya faɗi abin da ya ci da safe ya kasa. A zuwa na uku likitar, wata mace mai furfura a goshi, ta ba shi tarin tawul ɗin ɗakin ta ce ya taimaka mata ya ninke, ya zauna a gefe yana aikinsa da fara'a. Ita kuma ta jawo takarda ta fuskanci Yaya.

“An taɓa yi muku bayanin abin da aka haife shi da shi?”

“An ce wa Inna ba zai yi rai ba. Iyakar bayanin ke nan.”

Likita ta jinjina kai, ta fara zana 'yan sanduna bibbiyu a jere. “A asibiti ciwon Dawun muke ce masa. Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu 'yan zaruruwa, kuromosom sunansu, su ke ɗauke da duk abin da mutum ya gada. Arba'in da shida ne, a haɗe bibbiyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba.”

“Kamar safa,” in ji Yaya.

“Kamar safa. To shi a haɗi na ashirin da ɗaya, maimakon biyu, uku ya samu.” Ta ƙara sanda ɗaya a gefen wasu biyun. “Arba'in da bakwai ke nan. Tun kafin mahaifiyarku ta san tana da cikinsa abin ya faru. Ba wani abu ta ci ba, ba wani abu ta yi ba. Haka yake faɗowa a kowane irin gida.”

Yaya ta zuba wa 'yar sandar ido. Shekara arba'in da biyar Inna ta yi tana haɗiyar maganganun dangin miji a kan wannan ɗan layin da bai kai tsinken ashana ba, kuma ta mutu ba wanda ya zauna ya zana mata shi.

“To, wannan tsohon labari ne. Ni kunnensa na kawo.”

“Kunnensa lafiya lau. Mun duba duk abin da muka yi fatan ya zama shi ne, don waɗancan suna da magani.” Likita ta ajiye biro. “Na ukun nan ba a fuska da harshe kaɗai ya tsaya ba. Yana sa wani abu ya riƙa taruwa a ƙwaƙwalwa da wuri. Mantuwar da ke kama wasu tsofaffi a shekara saba'in ko tamanin, su takan zo wa da yawansu tun wajen hamsin. Ita ce ta fara masa.”

“A shagonmu in safa ta yi saura, kwali muke jefa ta. Ku ba ku iya cire masa?”

“Tana cikin kowace ƙwaya ta jikinsa, Yaya. Akwai maganin da wataƙila zai ɗan rage mata gudu. Tsayar da ita dai ba mu iya ba.”

“Sai me zai biyo baya?”

“Sabon abu zai fara gagararsa. Sannan aikin da ya saba. Hannu yakan daɗe yana tuna abin da kai ya manta, za ki ga yana ninki da kyau bayan ya daina sanin na wane ne. Daga baya kuma mutane.”

“Har ni?”

Yaya ba ta jira amsar likita ba. Ta miƙe ta gyara mayafinta. Manaja ya ɗauko tawul ɗin a jere, gefe da gefe daidai kamar an yanka da wuƙa, ya ajiye a gaban likitar ya ce, “Naki ne. Ba datti.”

A motar komawa yana jingine da kafaɗarta yana gyangyaɗi, ita kuwa tana ta faɗa da likita a zuci. Wai shawarar likitar ita ce ta fara shirin sauƙaƙa masa aiki, ta fara rubuta kaya. Ranar da littafin rasit ya shiga shagon nan, ai ranar kowa a layin zai san Manaja ya tashi aiki, shi ma zai sani. Ba ta yarda ba. Kafin su sauka ta gama ƙulla dabararta.

Zare ta saya, kala goma sha biyu, da ƙaramar allura. Kullum bayan cin abincin rana Manaja yakan ɗan kishingiɗa na awa guda, to a wannan awar take bin kayan da aka kawo ɗaya bayan ɗaya. Can cikin kalmasar gindin riga, inda ido ba ya kaiwa, take ɗinka ɗan ƙulli. Lauya ja ƙulli ɗaya, Nas kore ƙulli biyu, gidan mai kemis baƙi da rawaya. Samfurin kowane gida ta ɗinka shi a jikin wani kwali ta ɓoye bayan ƙofar ɗakinta. Da sassafe kafin ya fito, sai ta bi kantar kayan ta leƙa ƙullin kowace riga, ta mayar da wadda ta ɓata hanya cikin 'yan'uwanta. In mai kaya ya zo Manaja ya tsaya yana rarraba ido, sai ta yi kamar tana goge kantar, ta ɗora hannu kusa da ƙunshin. Shi kuma ya sauko da shi yana washe baki.

Dogo ya gani, ya girgiza kai. “Har yaushe za ki iya wannan? Guga a wuyanki, ɗinki a wuyanki, ga ƙarya kuma.”

“Ka ji da kumfarka.”

Ni dai ban ga laifinta ba, kuma duk wanda ya ce da shi ne da ya yi abin da ya fi wannan, bai taɓa ɗaukar wa mamaci alkawari ba. Wata biyu dabarar tana ci. Ko hankici bai sake ɓata ba. Mutane suka koma yaba Manaja, har Lauya ya ce da za a samu irinsa a kotu da fayil bai taɓa ɓacewa ba. Yaya ta rame, yatsunta duk hujin allura, amma ranta ya ɗan yi sanyi. Abu ɗaya ne bai zo mata a kai ba, alhali shekara talatin tana kallonsa da idonta.

Makon komawa makaranta ya zo. Makarantar da ke bayan layin farar riga da shuɗin wando ko siket ake sa mata, kuma kusan duk gidajen nan a shagon Yaya suke kawo na 'ya'yansu. Fararen riguna sun fi tamanin, iri ɗaya sak, ɗinkin tela ɗaya. A shekarun baya wannan ne makon da Manaja yake nuna shi Manaja ne, don shi kaɗai ya san wace ce ta yaron da ke tauna wuyan riga, wace ce ta yarinyar da biro ke fashe wa a aljihu. Bana kuwa Yaya ta ƙare kalolinta har sai da ta koma haɗa uku uku. Aka wanke, aka goge, aka ninke, ta jera kowane gida a wurinsa. Gobe makaranta, yau da yamma iyaye za su zo ɗauka.

Da hantsi ta tuna maganinsa ya ƙare. Ta ce wa Dogo ya sa ido, yanzu za ta dawo. Layin kantin maganin asibiti ya riƙe ta fiye da awa uku. Dogo kuma yana saman rufi yana fama da shanyar zannuwan gado, yakan leƙo ya ga Manaja a kan teburinsa yana aiki tsit, ya koma abinsa.

Da ta shigo, shagon tsaf yake, har ya fi yadda ta bar shi. Fararen rigunan duk suna kan kantar, a jere reras, tsayi ɗaya, faɗi ɗaya. Sai dai ba gida gida suke ba. Riguna a gefe guda, wanduna a gefe guda, siket a gefe guda. Manaja yana zaune, gumi ya jiƙa masa wuya, ɗan almakashinsa a hannu. Yana ganinta ya miƙe da sauri ya ɗauko wani faranti ya kawo mata da hannu biyu.

Zare ne cike da farantin, ja da kore da baƙi da rawaya, guntu guntu.

“Yaya, datti,” ya ce, yana haki don murna. “A ciki ya ɓuya. Duka na cire. Duka.”

Ledar maganin ta suɓuce daga hannunta. Ta zaro riga ɗaya ta juya gindinta, ba komai sai 'yan hujin allura. Ta zaro ta biyu, ta goma. Ba na 'yan makaranta kaɗai ba, har kwat, har labule, har zanen gado, bai bar ƙulli ko ɗaya ba. Aiki ya yi na gwani, ko zare ɗaya na jikin yadin bai ja ba. Wanda ya ƙi barin gashi ɗaya ya wuce teburinsa, shi ta ɗinka wa ƙulli sama da ɗari uku a ƙarƙashin hanci, ta zaci ba zai taɓa gani ba.

Ta riƙe kafaɗunsa. “Manaja, saurara. Wannan ta wace ce?” Ta miƙa masa farar riga. Ya murza wuyan, ya kai hanci, ya ɗago ya dube ta.

“Fara ce,” ya ce.

Ba ta gama tattara hankalinta ba iyaye suka fara sallama. Nas ce ta farko, sai matar mai kemis, sai Lauya da ya biyo ɗaukar na jikokinsa, kafin wani lokaci shagon ya cika har bakin titi. Kowa ya tsaya a gaban teburi yadda aka saba, yana jiran Manaja ya taka kujera. Ya taka. Ya tsaya a sama yana kallon farin nan da ya cika masa ido, ya waiwayo ya kalli fuskokin, ya sake kallon kantar. Hannunsa ya ɗaga ya tsaya a iska.

“Allura ce fa, Manaja,” in ji Nas a hankali. “Na 'yan biyuna.”

Bai motsa ba.

Da zagi suka yi da ya fi wa Yaya sauƙi, don ta iya ramuwa. Tausayi suka ji, shi ne abin da ba ta da maganinsa. Matar mai kemis ta ce, “Allah sarki, ashe abin ya kai haka. Ai da kin bar shi a ɗaki ya huta.” Lauya ya yi gyaran murya ya ce ba komai, kowa ya duba nasa kawai, ai uwa ba ta kasa gane rigar ɗanta. Haka aka yi. Mutum ashirin suka zagayo bayan teburin da ba wanda ya taɓa ƙetarewa, suka shiga zaro riguna suna warwarewa, suna gwadawa a iska, wannan ta yi ƙarama a jefar, waccan a ja ta nan a ja ta can. Ninkin yini guda ya zube a ƙasa ana takawa.

Manaja ya sauko daga kujera. “A bari! A daina taɓa min kaya!” Ya fizge riga daga hannun wata, ya tattaro wasu ya rungume, ya kifa cikinsa a kan teburin ya danne su yana kuka irin na babban mutum, mai fita daga ƙirji. Yara suka taru a ƙofa suna leƙe.

A nan ne Yaya ta yi abin da har yau ba ta yafe wa kanta ba. Wata biyu na rashin barci da tsoro suka taso mata gaba ɗaya, ta daka masa tsawa a gaban kowa.

“Tashi ka ba mutane kayansu! Wa ya sa ka? Wa ya aike ka ka taɓa zaren? Kai ka jawo mana wannan, kai!”

Ya ɗago, fuska jage jage da hawaye da majina. Ya dube ta kamar yadda ake duban karen da ba a sani ba. “Zan gaya wa Inna,” ya ce. Dogo ne ya zo ya kama hannunsa ya shige da shi ciki.

Kwana huɗu bai fito shago ba. Yana zaune a bakin gadonsa, in an ba shi abinci ya ci, in an yi masa magana ya kalli bango. Yaya ta nemi gafararsa ya fi sau goma, bai nuna ya san abin da take magana a kai ba, wannan kuma ya fi ƙin yafewa ciwo. Ta aika aka sayo littafin rasit, ta sa shi a durowa, ta kasa buɗewa.

A rana ta biyar da safe sai ga shi ya fito da kansa, ya sa rigarsa a bai-bai, ya zauna a bayan teburi ya ɗora hannuwa yana jiran aiki. Yaya ta ce a ranta, gwaji ɗaya. In ya gane riga ɗaya tak, littafin nan zai ruɓe a durowa, ko da kuwa za ta rasa rabin masu kawo kaya. Kuma ta san rigar da za ta ba shi, don ita ma ba adalci take nema ba, so take ya ci gwajin.

Tana da wata shuɗiyar rigar aiki da ta shekara goma sha ɗaya tana sawa. A saman aljihunta akwai tabon ƙuna, shatin hancin dutsen guga, kuma shi da kansa ya ƙona ta ranar da ya ce sai ya koyi guga. Tun daga ranar yake kiran rigar Yaya-ta-ƙone, duk mako in ya ninke ta sai ya yi dariya ya kai mata har ɗaki. Ta cusa ta cikin wasu kaya biyar, ta zube a gabansa, ta koma wajen guga. Dogo ya tsaya a bakin ƙofar baya da bokiti a hannu.

Ya ninke na farko, ya ninke na biyu. Hannun nan bai manta komai ba. Ya ɗauko shuɗiyar, ya juye aljihunta, ya murza wuyan, ya kai ta hanci ya daɗe. Babban yatsansa ya sauka a kan tabon ƙunar, ya shafa shi, ya kankara da farce ya ga ba ya fita. Sai ya ninke ta tsaf, ya jawo kujerarsa, ya taka, ya miƙa hannu can sama ya ajiye ta a cikin marayu.

“Manaja,” ta ce. “Waccan shuɗiyar ta wace ce?”

“Marainiya ce. Mai ita ba ta zo ba.”

“Duba dai da kyau. Dube ni.”

Ya dube ta. Ya yi mata murmushin nan nasa mai kyau, wanda yake yi wa baƙon da ya shigo karon farko.

“Ki dawo gobe,” ya ce. “Yaya za ta duba miki.”

Dogo ya ajiye bokitin a hankali ya koma baya. Yaya ta tsaya har sai da ta ji ƙaurin yadi, ta ɗaga dutsen guga daga kan rigar mutane. Ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta buɗe durowa ta ciro littafin rasit, ta ce wa Dogo ya kawo ƙaramin tebur ya ajiye a bakin ƙofa.

Yanzu a can ake karɓar kaya, a can ake bayarwa, da takarda da lamba kamar kowane shago. Dogon teburin yana nan inda yake, Manaja ma yana bayansa, ba ta raba su ba. In Inna tana da ƙorafi, sai ta bari sai sun haɗu. Kullum da safe kafin ya fito, Yaya takan sauko da marayun nan duka, ta warware su, ta yamutsa, ta tula masa a gaba. Yakan zauna ya yi ta aiki har azahar, yana tsince datti, ba ya ɗaga kai. Masu kawo kaya sukan ce, “Manaja, sannu da aiki,” wani lokaci ya amsa, wani lokaci a'a.

Shuɗiyar rigar ba ta ɗauke ta ba. Ita take ɗorawa a saman tulin, ta koma bakin dutsen guga tana satar kallonsa. Yakan ɗauka ya shinshina, ya kankari tabon da farce, ya ninke ta, ya taka kujera ya mayar da ita sama.